Sanda da Inuwa: Koyar da Lissafi da Kimiyya a Firamare

Duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan ajin firamare da hantsi ya san waƙar nan da yara kan rera da murya ɗaya, biyu sau biyu huɗu, biyu sau uku shida, har su kai goma sha biyu ba su yi tuntuɓe ba. Amma in ka tsayar da ɗaya daga cikinsu, ka zuba masa ƙwallon dabino goma sha takwas, ka ce ya raba wa mutum uku bisa adalci, sau da yawa sai ya ɗaga kai sama yana neman amsar a cikin waƙar, alhali kuwa tana gabansa a ƙasa. Abin mamaki, yarinyar da ta kasa wannan a aji ita ce da la'asar za ta ɗauki tallan ƙosai, ta ba da canji daidai, ko kwabo ba zai ɓace mata ba.

Hadda tana da martaba a wurinmu, domin da ita aka tsare Alƙur'ani a ƙiraza, kuma ko a lissafi tana da ranarta. Sai dai hisabi fanni ne da hannu kan riga baki fahimtarsa. Magabatanmu sun san haka: fatake suna ƙirga wuri kashi-kashi, ashirin hauya, ɗari zangu, har a cika keso mai dubu ashirin, malamai kuwa ba su ɗauki ilmin fara'ili abin rerawa ba, sai an zauna an fitar da sulusi da rubu'i da sumuni daga dukiyar da ake gani. Daga cikin irin wannan tarbiyya Malam Muhammadu al-Katsinawi ya fito, wanda ya yi talifi a kan hatimai masu lambobin da jimlarsu ke daidaita ta kowace fuska, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Hujjar da aka fi kawowa don dogaro da hadda kaɗai ita ce babu ɗakin gwaji, babu kayan aiki, ga yara sun yi wa malami yawa, musamman tun da aka buɗe ƙofar ilmin firamare ga kowa a 1976. Yawan yara uzuri ne na gaskiya, ba na raina shi. Rashin kaya kuwa, wannan ban yarda ba.

A sami sanda miƙaƙƙiya, a kafa ta a tsakar makaranta, a sa yara su riƙa ajiye tsakuwa a kan bakin inuwarta kowace sa'a. Da idonsu za su ga inuwa tana gajarta har ta kai matuƙa, sannan ta juya gabas tana tsawo, wato zawalin da littattafan fiƙihu suka ɗora shigar azahar a kansa. In suka tsare lokacin da tsawon inuwar ya yi daidai da tsawon sandar, to, a wannan lokacin inuwar rimin da ke bakin makaranta ita ma daidai take da tsawonsa, sai su auna ta da igiya, su san tsawon itacen ba wanda ya hau. Malamin da ya yi haƙuri ya bi abin shekara guda a ƙasar Kano zai nuna musu abin da manya da yawa ba su lura da shi ba, cewa daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa bayan tsakiyar Agusta inuwar tsakar rana kudu take faɗuwa, sauran watanni kuwa arewa.

Haka nan tulu. Me ya sa ruwansa ya fi na bokitin ƙarfe sanyi? A bar yara su shafa jikinsa, su ji damshin da ke tsattsafowa ta ƙananan kafofin yumɓu, su jiƙa bayan hannunsu su hura, sannan a faɗa musu cewa ruwa in zai bi iska sai ya tafi da zafi. Kada a gaggauta ba su amsa. Shirun da yaro ke yi yana juya abu a ransa ba ɓata lokaci ba ne. Da wannan ƙa'ida Malam Muhammad Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya sa tukunya cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, kayan miya suka riƙa daɗewa ba su lalace ba, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000.

Saura maganar harshe. Tun 1949 Rupert East da Abubakar Imam suka fitar da Ikon Allah, suka bayyana sha'anin halittu da Hausa tsantsa, don haka babu dalilin da zai sa yaron da ya ga inuwa ta juya a hana shi faɗin abin da ya gani sai ya iya Turancinsa. Ya faɗa da bakin da ya tashi da shi, ya zana a allo, ya rubuta awon igiyarsa, gobe a dawo a duba ko tsakuwar jiya tana nan a bakin inuwa.