Fadar Ambar ta Indiya: yadda maginan Rajput suka yi maganin zafi da ruwa da iska

Kimanin kilomita 11 daga birnin Jaifur, a jihar Rajastan ta arewa maso yammacin Indiya, akwai wata fada da ke zaune bisa tsauni tana kallon tafkin Mawota. Sunanta Ambar, wasu kuma su ce Amer. Sarki Man Sing na ɗaya ne ya soma gininta a 1592, magadansa suka yi ta ƙari, har zuwa 1727 lokacin da Sawai Jai Sing na biyu ya kafa Jaifur ya mai da gadon sarauta can.

Sarakunan Ambar ƴan Rajput ne, mabiya addinin Hindu, amma sun ƙulla amana da daular Musulunci ta Mugal. Shi kansa Man Sing babban kwamandan yaƙin sarki Akbar ne. Wannan ƙawance a jikin ginin yake. A ƙofar Ganesh Pol an zana abin bautar Hindu mai kan giwa, amma bakan ƙofar da zanen furannin da ke kewaye da shi salon Mugal ne, haka ma lambun da ke bayanta, wanda hanyoyin ruwa suka rarraba.

Fadar tana da farfajiya huɗu, ana hawa daga wannan zuwa waccan. Ta farko filin sojoji ce, ta biyu wurin da sarki ke sauraron talakawa, ta ƙarshe kuma sashen mata. A ta uku ne aikin ya fi ƙayatarwa.

Rajastan ƙasa ce mai fari, kuma a watan Mayu zafi kan haura maki 40, abin da mutumin Tawa ko Damagaram ba ya buƙatar a yi masa bayani. To yaya aka kai ruwa kan tsauni ba tare da inji ba? Daga tafkin ake ɗebo shi da tukwane ɗaure a igiya mai zagaye bisa gargare, a zuba a wata ma'ajiya, daga nan wani gargaren ya ɗauka zuwa ta sama, hawa-hawa har ya isa fada. Wani ɓangare na ruwan yana bi ta ɗakin hutawa da ake kira Suk Niwas. Yana gangarowa kan farin dutse mai sulɓi, ya ratsa tsakiyar ɗakin ta ƴar magudana, sannan ya fita ya shayar da lambu. Iskar da ta bi ta kansa sai ta yi sanyi, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa.

Tagogin ma ba na ado kaɗai ba ne. Dutse ne aka sassaƙe shi da ƙananan ƙofofi kamar raga: yana tare hasken rana, ya bar iska ta wuce. Ta bayan irin waɗannan tagogi, a saman Ganesh Pol, matan fada ke kallon taro ba tare da an gan su ba.

Daura da Suk Niwas akwai Shish Mahal, ɗakin madubai, wanda bango da rufinsa ke maƙale da dubban ƙananan madubai masu ɗan tudu. Ana cewa kyandir ɗaya kan mai da rufin tamkar sararin sama cike da taurari. Shi ne baƙi ke rububin ɗauka hoto, amma a ganinmu hikimar ruwan ta fi shi.

A watan Yunin 2013 hukumar UNESCO ta sanya Ambar, tare da wasu ganuwoyi biyar na Rajastan, cikin jerin kayan tarihin duniya, a zaman da ta amince da tsohon garin Agadas. A yau baƙi da dama bisa giwaye suke hawa zuwa ƙofar Suraj Pol, kuma masu kare haƙƙin dabbobi sun daɗe suna neman a daina, saboda wahalar da giwayen ke sha a kan dutse mai zafi.