Sintesaiza a Cikin Kwamfuta: Abin da Sabon Mai Haɗa Kiɗa a Jos Zai Fara Sani

Garin Jos ya daɗe da yin suna a harkar kiɗa da waƙa, domin a nan ne marigayi Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a 1946 ya kuma rasu a watan Yunin 2015, ya ɗaukaka kuntigi har aka san shi a ƙasashen waje, kuma a nan ne tagwayen P-Square da M.I Abaga da ƙaninsa Jesse Jagz da Ice Prince suka taso kafin su koma Legas. Majami'un garin sun horar da makaɗan fiyano masu yawa, kasancewar hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya da makarantarta ta koyon aikin fim a garin kuma ya sa ana neman masu iya haɗa kiɗan fim. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne kayan aiki, saboda kiɗan da a da sai an tara makaɗa a situdiyo kafin a same shi, yanzu matashi ɗaya da kwamfutar tafi-da-gidanka yana iya haɗa shi a ɗakinsa a Unguwar Rogo ko Tudun Wada, kuma mafi yawan sautin da ke cikin irin wannan kiɗa daga sintesaiza yake fitowa.

Sintesaiza na'ura ce da ke ƙirƙirar sauti daga tushe ta hanyar lantarki ko lissafi, ba tare da an bugi fata ko an taɓa tsirkiya ba, kuma wannan ne ya bambanta ta da samfula, wadda aikinta shi ne maimaita sautin da aka riga aka ɗauka daga kayan kiɗa na gaske. Robert Moog ya fito da tasa a Amurka a 1964, kamfaninsa ya fitar da ƙaramar Minimoog a 1970, sannan a 1983 kamfanin Yamaha na Japan ya fitar da DX7, wadda aka gina bisa binciken John Chowning na Jami'ar Stanford. Kiɗan lantarki bai daɗe ba ya iso ƙasar Hausa da maƙwabtanta, domin tun a 1978 Mamman Sani ya ɗauki kiɗansa da ogan na lantarki a Yamai, kuma a shekarun 1990 situdiyoyin Kano, irin su na Iyan-Tama, suka riƙa amfani da kibod ɗin Yamaha samfurin PSR wajen haɗa waƙoƙin fina-finai, har jama'a suka laƙaba wa salon suna kiɗan fiyano.

Abubuwa biyu ne suka shigar da wannan na'ura cikin kwamfuta. Na farko shi ne MIDI, ƙa'idar da kamfanonin kayan kiɗa suka amince da ita a 1983 domin na'urorinsu su riƙa fahimtar juna, kuma wajibi ne mai koyo ya gane cewa MIDI ba ya ɗauke da sauti ko kaɗan, umarni kawai yake aikawa: wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi, na tsawon wane lokaci, inda ake auna maɓallin da ƙarfin dannawar da lambobi daga 0 zuwa 127. Na biyu shi ne VST, tsarin da kamfanin Steinberg na Jamus ya fito da shi a 1996, ya kuma faɗaɗa shi a 1999 ta yadda sintesaiza sukutum za ta iya zama ƙaramar manhaja da ake sakawa cikin babbar manhajar haɗa kiɗa, ko Cubase ce ko Ableton Live ko FL Studio. Wannan ta ƙarshen, wadda kamfanin Image-Line na Beljiyam ke yi, ta canza suna daga FruityLoops tun 2003, amma har yau tsohon sunan bai bar bakin furodusoshin Nijeriya ba. Tun da umarni dabam yake da sauti, mai haɗa kiɗa yana iya rubuta karinsa sau ɗaya, ya yi ta sauya muryar da ke rera shi har ya sami wadda ta dace, ba tare da ya sake kaɗa komai ba.

Duk yawan maɓallan da ke fuskar sintesaiza, waɗanda su ne ke razana sabon shiga, mafi yawansu suna komawa ne ga sassa uku. Sashe na farko shi ne osileta, wato tushen sauti, wanda ke samar da kaɗawa mai maimaita kanta, kuma yawan maimaituwar a cikin daƙiƙa ɗaya shi ke sa sauti ya yi kauri ko ya yi siriri. Kunnen ɗan'adam yana jin abin da ya kama daga kaɗawa 20 zuwa kusan 20,000 a daƙiƙa, sautin da ake daidaita kayan kiɗa da shi kuwa yana kan 440. Siffar kaɗawar ita ke ba da launin murya: mai santsi tana fita a tsarkake kusa da sautin sarewa, mai kama da haƙorin zarto tana da kaifi da cika irin na algaita, mai kusurwa huɗu kuma tana fita kamar daga cikin bututu. Sashe na biyu shi ne filta, wadda ke aiki kamar rariya, tana barin wani ɓangare na sautin ya wuce tana tare wani, kuma wadda aka fi amfani da ita ita ce mai rage kaifin sama ta bar kaurin ƙasa.

Sashe na uku, wanda ake rubuta wa haruffan ADSR, shi ne ya fi cancantar a daɗe a kansa, domin shi ke tsara rayuwar sauti daga lokacin da aka danna maɓalli zuwa lokacin da ya ɓace: saurin tasowarsa, saurin saukarsa bayan ya kai ƙololuwa, matakin da yake tsayawa muddin yatsa na kan maɓalli, da tsawon jelar da yake ja bayan an ɗaga yatsan. Kuntigi, wanda ake yi da gwangwanin kifi a rufe shi da fata a ɗaura masa tsirkiya ɗaya, sautinsa yana tasowa nan take ya mutu da wuri, don haka mai son kusantar muryarsa zai sa tasowa ta zama sifili, sauka ta zama gajera, tsayawa ta zama babu, ya kuma sa filta ta riƙa rufewa da sauri bayan kowace taɓawa. Goge kuwa akasin haka yake, sautinsa yana shigowa a hankali ya zauna muddin ana goga shi. Da osileta guda ɗaya ana iya samun waɗannan muryoyi biyu, kuma wanda ya gwada haka da hannunsa na yini guda a kan ƙaramar sintesaiza irin 3xOsc, wadda ke zuwa tare da FL Studio, ya fi wanda ya shekara yana tara manhajojin da bai san cikinsu ba.

Akwai wata matsala da littattafan koyarwa na Turai ba su cika tsayawa a kanta ba, alhali ta shafi makaɗin Filato kai tsaye. Kibod ya raba tazarar da ke tsakanin sauti da ninkinsa zuwa matakai 12 masu daidaiton faɗi, amma kayan kiɗan gida ba su san wannan rabo ba. Mai kalangu yana matse igiyoyin gangarsa a hammata domin sautin ya hau ko ya sauka yana bin karin maganar Hausa, kundung na Birom kuma, wanda ake jera wa ƙahonin shanu a ƙarƙashin katakansa, maƙerinsa da kunne yake daidaita shi. Idan aka tilasta wa irin waɗannan muryoyi zama a kan matakan kibod, sai su fito a sandare, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa kalangun da ke cikin waƙoƙin fim da yawa ba ya magana. Maganin yana cikin sintesaizar kanta: akwai ƙaramar tayar da ke gefen kibod mai lanƙwasa sauti, wadda yawanci aka saita ta a kan mataki biyu amma ana iya faɗaɗa ta, akwai maɓallin da ke sa sauti ya zame daga wani mataki zuwa wani maimakon ya yi tsalle, sannan manhajoji irin su Surge XT suna karɓar tsarin daidaitawa dabam da na Turai gaba ɗaya.

Wannan ba ya nufin a ƙyamaci sautukan da kamfani ya riga ya tanada, waɗanda furodusoshi ke kira firiset. Gangar nan mai kauri da ta zama alamar amapiano na Afirka ta Kudu, wadda ta mamaye kiɗan Nijeriya tun wajen 2020, daga wani firiset na sintesaizar Fruity DX10 ta samo asali, sai dai waɗanda suka fito da ita sun murɗa ta ne har ta zama tasu. Aibin yana ga wanda ya tsaya a kan abin da aka ba shi, domin shi da dubban wasu sauti ɗaya suke ɗauka.

Ta fuskar kuɗi, tsadar dala ta sa kwafin sata na manhajoji ya yawaita, kuma irin waɗannan kwafi sukan zo da ƙwayoyin cutar kwamfuta ko su riƙa kashe manhaja ana tsakiyar aiki, alhali akwai sintesaiza masu inganci da ake samu kyauta bisa ƙa'ida, kamar Vital da Matt Tytel ya fitar a 2020, da Surge XT, da Dexed wadda ke kwaikwayon DX7. Matsalar da ta fi damun sabon shiga ita ce jinkiri tsakanin danna maɓalli da jin sauti, wanda ke faruwa saboda kwamfuta tana tara sauti a wata 'yar ma'ajiya da ake kira bafa kafin ta sake shi. A ma'aunin da aka saba na ɗauka 44,100 a daƙiƙa, bafa mai 256 tana jawo jinkirin milisakan 6 ne kacal, mai 2048 kuwa tana kai shi wajen 46, wanda ya isa ya ɓata wa makaɗi hannu. Saboda haka ake rage ta lokacin kaɗawa, a ƙara ta lokacin tace kiɗa, a kuma yi amfani da direban sauti na ASIO idan Windows ake aiki da ita. Kwamfutar da ƙarfinta ya gaza ana sauƙaƙa mata ta hanyar mayar da layin da aka gama zuwa sauti ɗaukakke, kuma a garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, kunna adanawa ta kai-da-kai ba abin wasa ba ne.

Ya kuma kamata a tuna inda waƙar za ta ƙare, domin yawancin masu sauraro a waya ko ƙaramar sifika za su ji ta, a cikin Keke Napep ko a shagunan kasuwar Terminus. Sifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai kauri sosai, don haka sautin ƙasa, wato bes, da aka gina da kaɗawa mai santsi zalla, wanda ke girgiza ɗaki a situdiyo, yakan ɓace ɓat a waya, sai an haɗa masa ɗan haƙorin zarto ko an ɗan ƙona shi domin ya sami kaifin da ƙaramar sifika za ta iya ɗauka. Saboda haka ƙwararru kan tura waƙa cikin wayarsu su saurare ta a waje kafin su miƙa wa mai ita.