Tumatirin Gargajiya: Jarin da Manoman Neja Ke Neman Sakewa

MINNA – Duk wanda ya saba cefane a Kasuwar Gwari ko Kasuwar Kure da ke Minna ya san cewa tumatir iri biyu ne. Akwai dogo mai tauri, irin su Roma da UTC, wanda ake kawowa da rani daga gonakin ban-ruwa na Kano da Kaduna. Akwai kuma na gida, mai tsaga-tsaga da laushin ɓawo, wanda manoman ƙauyukan da ke kewaye da birnin ke shigowa da shi da damina.

A idon dillali, na farkon shi ne kaya, domin yakan jure doguwar tafiya a cikin kwando har Kasuwar Mile 12 ta Legas. Na gida kuwa ruwa ya yi masa yawa, ga saurin ruɓewa, saboda haka kuɗinsa kan faɗi da zarar ya kwana. Wannan ne ya sa manoma da dama ke juya masa baya, duk da cewa matan gida da masu tuwon sayarwa na son tsaminsa a miya.

To amma lissafin bai tsaya a bakin kasuwa ba. Manomin da ya shuka irin gida yakan matse nunannen tumatir, ya wanke 'ya'yan, ya shanya, ya adana don baɗi, ba tare da kashe ko kwabo ba. Irin da aka yi wa aure kuwa, tilas a sake sayensa kowace shuka, kuma da yake akasarinsa daga ƙetare yake zuwa, farashinsa na bin faɗuwar darajar naira.

Har ila yau, akwai darasin 2016, lokacin da tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma suka laƙaba wa suna sharon, ta cinye gonaki har Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci. Masana'antar tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa, wadda aka buɗe a shekarar don sarrafa tan 1,200 a kullum, ta tsaya saboda rashin kaya. Irin gida ba maganin sharon ba ne, amma shekarar ta nuna haɗarin dogara ga yanki guda da lokacin noma guda.

Cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT da cibiyar adana iri ta NACGRAB, dukkansu a Ibadan, su ne ke da alhakin tattara irin waɗannan tsirrai. Sai dai rumbun gwamnati ba zai maye gurbin gona ba. Muddin 'yan kasuwa ba su zuba jari wajen busar da shi ya zama kauɗa mai tsabta, ko markaɗa shi kusa da gona ba, manomi ba shi da dalilin ci gaba da shuka shi. Irin da aka daina shukawa kuwa, cikin 'yan shekaru ƙwayarsa kan mutu a ajiye.