Sauya tsohuwar kwamfutar sito

'Yan kasuwa da dillalai, ga abin da ya same mu.

A sitonmu na Gumel akwai uwar kwamfuta mai aiki biyu: ita ke riƙe da sunan kowane yaron shago da kalmar sirrinsa, ita ce kuma rumbun lissafi. Duk buhun gero da riɗi da muka bayar bashi a Gagarawa da Sule Tankarkar yana cikinta. Windows Server 2012 ke kanta, wanda Microsoft ya daina yi wa gyara kyauta tun Oktoba 2023. Muka yi ta jan ƙafa saboda tsada. Sai wata Laraba, ana gobe kasuwar Maigatari, ta tashi da ƙyar.

Da muka sayo sabuwa, mai gyara ya ce a kashe tsohuwar nan take. Muka ce a'a, ba a rushe rumbu da hatsi a ciki. Aka haɗa su, aka fara kwashe sunaye, sannan lissafi. Muka ɗauko littafinmu na ajami muna dubawa suna bayan suna. Ashe bashin mutum 3 bai shiga sabuwar ba! Aka nemo shi, aka yi kwafi a wani faifai muka kai gida. Sai da kasuwa ta ci sau biyu kana muka yarda aka kashe ta.

Wassalam.