Wanda ya sha kaye jiya, yau ma yana fage

Duk ɗan kasuwar da ke kunna rediyo a rumfarsa lokacin kokowar takobi ya san wannan doka. Jahohi 8 ke haɗuwa, kowace da ƴan kokowa 10, wato ƙarfafa 80 ke neman takobi guda. Wanda aka kayar, takobin bana ya wuce shi. Amma ba a sallamarsa gida. Gari na wayewa zai sake ɗaura walki ya shigo fage don ya kare jaharsa, kuma sau da yawa irin waɗannan da suka riga suka faɗi su ne ke kada gwanayen da ake sa wa rai.

Tun da aka fara wannan gasa a Tawa a 1975, jahar Doso ba ta zama ƴar kallo ba. Filin kokowar Doso sunan Salma Ɗan Rani yake ɗauke da shi. Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ya ɗauki takobinsa na 6 a Agadas a ƙarshen 2023. Sai dai tsakanin takobi da takobi akwai shekarun da ya komo hannu wofi. Da ya zauna yana juya kayen bara a ransa, da bai ga na badi ba.

A kasuwa ma ana shan kaye, illa dai babu makaɗi, babu mai shela. Daga Dogon Dutsi zuwa Matankari, daga Tibiri zuwa Gesheme, ciniki rabinsa da Nijeriya ake yi. Lokacin da Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yuli 2023, jarin mutane da dama ya narke. Faɗuwar naira ta ƙarasa wasu. Wannan ƙaddara ce, kowa na iya faɗi a fili. Abin da ke hana barci shi ne kuskuren da mutum ya yi da hannunsa: uwar adashin da ta taɓa kuɗin zubi da niyyar mayarwa, kwasa ta zo ba ta da su, mai wake da ya ɓoye buhuna yana jiran tsada har ƙwari suka cinye, wanda ya ba da kaya bashi ba shaida ba takarda, wadda ta rage tiya, aka gane. Wasu daga ranar ba su sake shimfiɗa tabarma a kasuwa ba. Ba jari suka rasa ba, fuska suka rasa.

Kiristocin Arewa ba su da yawa, amma sun daɗe. Mishan ɗin Katolika na Dogon Dutsi tun shekarun 1940 yake, akwai kuma majami'un ƴan bishara a garuruwa da ƙauyuka. A cikinsu akwai masu tuwo, masu ƙuliƙuli, masu dankalin turawa, da masu shago a bakin titi. Abin da addininsu ke koya musu game da kuskuren baya ya cancanci kowane mai ciniki ya saurara.

Labarin da suka fi komawa gare shi na Bitrus ne, babban almajirin Yesu Almasihu. A daren da aka kama ubangidansa, sau uku ana tambayarsa, sau uku yana cewa bai san shi ba, har zakara ya yi cara, ya fita ya yi kuka mai zafi. A wannan dare kuma akwai Yahuza, wanda ya ba da shi a kan azurfa 30. Dukansu biyu sun yi nadama. Yahuza ya yanke wa kansa hukunci, ya rataye kansa. Bitrus ya tsaya, aka gafarta masa, aka damƙa masa kiwon jama'a. Kiristoci suna cewa bambancin ba a girman laifi yake ba. Ɗaya ya yarda cewa gafarar Allah ta fi laifinsa girma, ɗayan bai yarda ba.

Haka Bulus, wanda ya yi ta farautar masu bi kafin ya tuba. A wasiƙarsa zuwa ga Filibiyawa ya kwatanta kansa da mai tsere wanda ba ya waiwaye. Namu karin maganar ma haka ya ce: da na sani ƙeya ce, a baya take.

Turawan Amurka da wasansu na besbol suke ba da wannan misali. Ana jefo ƙwallo, mutum ya buge ta da kulki. Gwanin gwanaye, a cikin shiga 10, sau 3 kawai yake dacewa. Kaiwa 4 cikin 10 a kaka guda, kamar yadda Ted Williams ya yi a 1941, abu ne mai wuyar gaske. Wani mai suna Bill Buckner na ƙungiyar Boston, ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafunsa a gasar ƙarshe ta 1986, kofi ya kuɓuce. Shekara da shekaru ana yi masa gori. A 2008 aka gayyato shi filin, jama'a suka miƙe suna tafi, yana hawaye, ya kuma bayyana cewa sai da ya yafe a zuciyarsa kafin ya iya zuwa.

To, amma kada mai bashi ya ji wannan ya ce an wanke shi. Mantawa da baya ba cinye haƙƙin mutane ba ne. A Linjila akwai Zakiyus, mai karɓar haraji a Yariko. Ranar da ya tuba ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya cuta kuwa ya mayar masa ninki huɗu. Tsarin ke nan: a amsa laifi, a nemi gafarar Allah da ta mai haƙƙi, a biya, sannan a sauke kayan daga kai. Malaman Musulunci ma da suke lissafa sharuɗɗan tuba, mayar da haƙƙi yana ciki. A nan liman da fasto ba su saɓa ba.

Saboda haka, uwar adashi, ki tara matan ki gaya musu gaskiya, ki yanka abin da za ki iya kowace ranar kasuwa, ko jika guda ce. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mai wake, buhun da ƙwari suka ci ba ya dawowa, amma bana ka san lokacin sayarwa. Ku kuma da aka biya ku, ku daina nuna ta da baki idan ta wuce. Wanda aka yafe wa babban bashi bai kamata ya shaƙe wuyan mai ƙarami ba, wannan ma misali ne da Yesu ya bayar.

Wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ranar kasuwa mai zuwa, a share rumfa, a fito da kaya ko kaɗan ne. Allah ya ba da ciniki mai albarka.