Matsalar Cikar Shafi a Rahotannin RPG II

Takardar da injin bugu na IBM 1403 ya saba ja tsawonta inci 11 ne, watau layi 66. A harshen RPG II, in mai tsara shiri bai ƙayyade ba, layi na 60 ne iyaka, kuma da an kai shi alamar OF za ta kunnu. To, amma kunnuwarta ba ta juya shafi nan take, domin sai bayan buga jimloli shirin yake duba ta. Saboda haka idan jimlolin albashin sassa da dama suka zo tare, sukan hau mayagar takardar, adadi ya rabu biyu wajen yagewa. Maganinsa shi ne sanya harafin F a layin kowace jimla, don a duba alamar kafin bugawa.