Ƙwaron Da Ke Hijira Zuwa Duwatsu

A ƙasar Ostareliya akwai wani faɗa-wuta, watau irin malam-buɗe-littafin nan mai yawon dare, ana ce da shi Bogong. Launinsa ƙasa-ƙasa ne, faɗin fikafikansa bai fi inci 2 ba. Amma duk ƙanƙantarsa ya kan yi tafiyar da ta kai mil 600.

Ga yadda al'amarinsa ya ke. Macen ta kan zuba ƙwai a gonaki da makiyaya. In sun ƙyanƙyashe sai tsutsa ta fito, ita ce kuwa mai ɓarna. Da rana ta ɓuya cikin ƙasa, da dare ta fito ta datse ƙaramar shuka daga gindi. In ta ƙoshi sai ta kwanta cikin ƙasa, ta rikiɗa ta yi fikafikai.

To, can ƙasar zafi ya kan shigo ne wajen ƙarshen shekara. Saboda haka daga watan Satumba sai ƙwarin su tashi da dare, su nufi manyan duwatsun kudu maso gabas inda a ke sanyi. Ba su taɓa zuwa ba, amma ba su ɓata hanya, domin masana sun gano da taurari da maganaɗisun ƙasa su ke gane gabas da yamma. In sun isa sai su shige koguna, su manne a bango, har 17,000 a murabba'in mita guda. Nan za su kwanta, kitsen jikinsu na riƙe da su, sai wajen Fabrairu ko Maris su koma gida, su yi ƙwai, su mutu.

A dā mutanen ƙasar na asali su kan hau duwatsun su gasa su cikin toka su ci, kamar yadda Bahaushe ke cin fara. Amma farin da aka fara a 2017 ya rage su ainun, ga shi a 2021 an sa su cikin halittun da a ke tsoron ƙarewarsu.

Bogong dai ba ya ƙasar Hausa, amma danginsa na kusa suna nan cikin lambuna da fadamu. Manomin da ya wayi gari ya tarar an datse masa dashen tumatir ko kabeji, ya tona gindin da yatsa, zai sami tsutsar a naɗe, sai ya kashe ta. Ya kuma nome ciyawa tun mako biyu kafin dashe, domin ita ke ciyad da tsutsar kafin shuka ta zo.